Ziyarar jami'o'i a wannan hutun

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da hutu. Hajiya admin a yi min afuwa, saƙon zai ɗan yi tsawo.

Makon jiya ni da Abban yara muka kai babbar ɗiyarmu ta ga jami'o'i da idonta kafin rajistar JAMB. Kullum zancenta lauya a ABU, alhali ko Zariya ba ta taɓa takawa ba.

Muna isa Samaru ta hau ɗaukar hoto gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, sai wani ɗalibi ya yi murmushi ya ce ai masu karatun shari'a a ɗaya harabar jami'ar ta Kongo suke. Sai ga baki a sake! Haka muka juya mota. Mai son likitanci kuma ya sani asibitin koyarwa a Shika yake, hanyar Funtuwa. A Kano mun leƙa BUK, tsohuwar makaranta da sabuwar da ke titin Gwarzo.

Ni dai gine-gine ba su dame ni ba. Ɗalibai mata na tare, ina tambayar ɗakin kwana, ruwa, da kuɗin abinci a wata. Su ne za su faɗa maka gaskiya. Ku je ranar aiki, ofisoshi a rufe suke ranar Asabar.

Laraba in sha Allahu sai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, bayan sallar asuba za mu tashi. Akwai kujera biyu a motar, mai so ya yi min magana ta gefe.