Tashar tsandauri ta Kakuri na jiran jirgin ƙasa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan yadda kayan ƙasashen waje suke isowa Kaduna da yadda namu suke fita, al'amarin da ya taɓa aljihun kowane mai cefane a Arewa ko da bai taɓa ganin teku ba.

A ranar 4 ga Janairun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Kakuri da ke Kaduna, wadda gwamnatin tarayya ta ba matsayin tashar da kaya za su iya tashi daga cikinta ko su sauka, daidai da Apapa ko Tin Can a Legas. Abin da aka yi mana alkawari shi ne, ɗan kasuwa zai yi odar kaya daga Sin ko Turkiyya, a rubuta Kaduna a takardar lodi, kwantena ta sauka daga jirgin ruwa a Legas a ɗora ta a tarago da hatiminta ba a taɓa ba, sai ta iso Kakuri ne jami'an kwastan za su buɗe ta a gaban mai ita, ya biya kuɗin fito ya kwashi kayansa. Daga baya an buɗe irinta a Dala ta Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. Tsari ne mai kyau, kuma na yi murna da shi matuƙa. Sai dai dukkansa ya rataya ne a wuyan jirgin ƙasa, jirgin kuwa bai zama abin dogaro ba har yau, shi ya sa lamarin ya koma rijiya ta bayar, guga ya hana.

Saboda haka yawancin kayanmu a bayan tirela suke tahowa, tafiyar kusan kilomita 900. Direba zai bi layi ya samu shiga tashar Apapa, ya yi lodi, ya kamo hanyar Ibadan da Ilori, ya haye gadar Jebba, ya wuce Mokwa. Daga nan hanya mafi kusa ita ce ta Tegina da Birnin Gwari, amma rashin tsaro da lalacewar titi sun sa direbobi da yawa sun ɗauki shekaru suna zagayawa ta Bida da Suleja. A 2017 da ruwa ya cinye gadar Tatabu da ke tsakanin Jebba da Mokwa, kowa ya ga yadda gada guda take iya tsayar da cinikin rabin ƙasa. Ko hanya na lafiya, akwai tsadar man gas, akwai tayar da za ta fashe a daji, ga shingaye iri-iri inda yaron mota ke sauka da kuɗi a dunƙule a hannu kafin a ɗage sanda. A can Legas kuma kamfanin jirgin ruwa yana ƙirga kwanaki, domin 'yan kwanaki kaɗan yake bayarwa kyauta, da sun cika tarar jinkiri ta fara hawa kullum, kuma ba zai mayar da kuɗin jingina da ya karɓa ba sai an dawo masa da kwantenarsa. Babu ɗan kasuwar da ke biyan waɗannan daga uwar kuɗinsa. A kan farashi yake zuba su, mai sayen yadi a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da mai neman kayan gyaran mota a Panteka su ne ke biya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafiyar komawa. Duk mai bin hanyar Abuja ya saba ganin tirela ta nufi kudu da kwantena wayam, tana tsalle a kan ramuka saboda ba nauyi. A bayanta kuma sai ka ga wata tirelar an jibga mata buhunan citta daga Kachia ko Kagarko, an lulluɓe da tamfol an ɗaure da igiya, ita ma Legas za ta. A can za a sauke buhunan a wani sito, a biya 'yan dako, a nemi kwantena, a sake biyan 'yan dako su loda, sannan a shiga layin neman takardu. Idan damina ce kuma tamfol ya yage a hanya, busasshiyar citta ta sha danshi ta yi fumfuna, mai saye a Turai ko Dubai ya karya farashi ko ya ƙi karɓa ɗungurungum. Manoman kudancin Kaduna ba su gama farfaɗowa daga cutar da ta halaka gonakin citta a 2023 ba, bai kamata ɗan abin da suka tsira da shi ya sake lalacewa a kan titi ba. Da a ce wannan kwantena da ta koma wayam a Kakuri aka cika ta da citta ko riɗi ko zoɓo, hukumar killace amfanin gona da kwastan suka duba suka buga hatimi a nan, da kuɗin dako ya rabu biyu tsakanin mai shigo da kaya da mai fitarwa, kowa ya samu sauƙi.

Na san za a ce a yi haƙuri sabon layin dogo yana tafe. An buɗe na Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, ana kuma aikin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Amma tsakanin Ibadan da Abuja babu sabon layi, kuma taragon sabon layi ba ya hawa tsohon, tun da faɗinsu ba ɗaya ba ne. Tsohon layin da ya haɗa Legas da Kano tun 1912, wanda ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu shekara da shekaru, shi ne dai kaɗai dogon da ya taso daga bakin teku ya ratsa Kakuri. A ganina kuskure ne babba a yi watsi da shi ana jiran wanda ba a san ranar gama shi ba. Mai kwantena bai damu da gudun jirgi ba, abin da yake so shi ne ya san ranar tashi da ranar isowa domin ya faɗa wa abokin cinikinsa gaskiya.

Don haka ina kira ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta gyara wuraren da ruwa ke wanke tsohon layin, musamman a jihar Neja, ta ware kawunan jirgi da taragai na kwantena, ta kuma fitar da jadawali, ko da jirgi ɗaya ne a mako, ta tsaya a kansa. Hukumar kare muradun masu shigo da kaya da fitar da su, wadda ita ce ta jagoranci kafa tashoshin tsandauri, ta matsa wa kamfanonin jiragen ruwa lamba su riƙa rubuta Kaduna a takardar lodi, su kuma yarda a mayar musu da kwantena a Kakuri a sallami mai jingina a nan. 'Yan kasuwar Nijar, waɗanda ƙasarsu ba ta da teku kuma suka daɗe suna bi ta Kwatano da Lome, su ma da sun ga tsari mai tabbas za su duba wannan hanya.

Ga gwamnatin jihar Kaduna da wakilanmu a Majalisar Tarayya kuwa, roƙona shi ne su tabbatar an sanya reshen dogo daga Rigasa zuwa Kakuri a cikin kasafin kuɗi tun yanzu, kafin sabon layin ya haɗe da Legas, domin kada ranar da kwantenar farko ta iso a kansa a koma neman tirelar da za ta ratsa gari da ita.

Naka,
Wani mai fataucin amfanin gona,
Tudun Wada, Kaduna.