A bar ɗalibi ya fara koyon ɗinki a harshen saniya kafin jikin mutum

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi kira ga masu kula da makarantun koyon aikin lafiya a nan Kebbi, daga masu karatun likita har nas-nas da ungozoma.

Kullum in an yi maganar kayan gwaji sai a ce babu kuɗi, mutum-mutumin roba na waje yana da tsada ga dala ta tashi. Gaskiya ne yana da tsada, amma wallahi da yawa daga abin da ɗalibi ke buƙata yana nan kasuwa. Harshen saniya da za ka saya wajen mahauta, da shi ake koyon ɗinkin yagewar da mace ke samu wurin haihuwa, don namanshi ya yi kusa da na mutum a hannu. Gwanda kuma ana koyon wankin mahaifa da ita, cikinta rami ne ga 'ya'ya da za a zuƙo, in ɗalibi ya yi garaje ya huda ta nan take zai gane da mace ce da ya yi ɓarna babba. Sa allurar ƙarin ruwa ma robar dirif ce kawai a cika da ruwa mai jan kala a binne cikin soso a rufe da safar hannu, yaro ya soka sau hamsin in ya ga dama ba wanda zai yi kuka.

Su kansu Turawan sun gane haka. 'Yar tsanar NeoNatalie da kamfanin Laerdal na Norway ya yi, wadda ake koyar da farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba, ruwa kawai ake ɗura mata ta yi nauyin jariri, ba ta buƙatar lantarki, kuma dama don irin ƙasashenmu aka yi ta.

Inda na fi damuwa shi ne jarrabawa. Tsarin jarrabawar aikin hannu mai suna OSCE da Farfesa Ronald Harden ya fito da shi a Dundee ta Sikotilan a 1975, ɗalibi na zagaya tasha-tasha yana yin aikin da hannunshi malami na duba takarda yana ba shi maki, to in babu abin gwaji sai a koma tambayar baki, yaro ya haddace ya zuba ya wuce alhali bai taɓa riƙe allurar ɗinki ba. Gobe shi za a tura asibitin ƙauye a ƙaramar hukumar Arewa ko Danko Wasagu, dare ya yi mace na zubar da jini kuma ba babba kusa, abin nan na tsaya mani a rai ƙwarai.

Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta jiha da shugabannin makarantun nan su ware ɗaki ɗaya da firji da ɗan kuɗin kasuwa duk wata, a kira tela da kafinta su zauna da malamai su haɗa ƙugun mace na katako da yadi, kuma kar a tura ɗalibi kan majinyaci sai malami ya sa hannu cewa ya iya a kan wannan.

Wani ma'aikacin jinya,
Birnin Kebbi