A fita da yara duwatsun Birnin Kudu lokacin hunturu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan uwana iyaye a kan fita da iyali waje a lokacin hunturu. Da zarar iska ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas a watan Nuwamba, hazo ya rufe gari, sai mu kulle yara a ɗaki da sunan kare su daga mura, su wuni suna latsa waya har hutun makaranta na Disamba ya ƙare. A ganina babu lokacin da ya fi wannan dacewa da hawan dutse a ƙasarmu. Da damina dutse yana da santsi, ciyawa ta yi tsawo, macizai suna yawo a cikinta. Da bazara kuwa, tun da hantsi dutsen yake ɗaukar zafin da yaro ba zai iya ɗora tafin hannunsa a kai ba. Hunturu ne kaɗai yake ba mutum damar ya wuni a kan dutse ba tare da ya galabaita ba.

A hutun da ya wuce na ɗauki maiɗakina da yaranmu huɗu muka tafi Birnin Kudu, garin nan na Jihar Jigawa da ke zaune a gindin duwatsu. Mun bar Kano bayan sallar asuba, kowa da rigar sanyi da hula, an shafe ƙafafun yara da man kaɗanya saboda kaushi. Mun tsaya a Wudil muka sha shayi da ƙosai, sannan muka bi ta Kwanar Huguma a hankali, domin hazon safiyar bai bari a hangi nesa ba. Rana ta ɗan ɗaga kafin mu isa, sai muka sami wani dattijo ɗan garin da ya yarda ya yi mana jagora.

Abin da ya kai mu shi ne zanen da mutanen dā suka bari a ƙarƙashin rumfunan dutse, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Yawancin zanen na shanu ne, kuma duk wanda ya tsaya ya duba da kyau zai ga cewa da yawa daga cikinsu dogayen ƙahoni gare su amma ba su da tozo. Babbar 'yata ce ta fara lura da haka, ta ce, “Baba, me ya sa waɗannan shanun ba su yi kama da na Fulani ba?” Dattijon ya zaunar da su duka a kan dutse ya nuna musu cewa wannan alama ce ta irin dabbobin da aka yi kiwo a yankin kafin shanu masu tozo su mamaye shi. Na daɗe ina biyan kuɗin littattafan tarihi, amma ban taɓa ganin yarinyar nan ta riƙe darasi kamar yadda ta riƙe wannan ba, domin da idonta ta gano shi.

Daga nan ya kai mu wurin duwatsun kiɗa, waɗanda idan aka buge su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Wuraren da ake bugawa sun lotsa sun yi sumul saboda yawan hannuwan da suka wuce ta kansu. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya yi rubutu a kan waɗannan duwatsu da zanen da ke kusa da su a tsakiyar shekarun 1950, har masana na ƙasashen waje suka san da zamansu. Mutanen garin kuwa sun san su tun kaka da kakanni, kuma dattijon ya shaida mana cewa a dā 'yan mata sukan rako amarya nan su yi kiɗa da waƙa kafin a kai ta ɗakin miji. Yaran sun fi sa'a guda suna bugawa suna sauraro, ƙaraminsu kuma ya sami wani gangaren dutse mai santsi yana ta zamiya a kai har wandonsa ya yage.

Bayan azahar muka shimfiɗa tabarma a inuwa muka ci dambun da muka zo da shi, muka sayi rake da goruba a hannun yaran garin, waɗanda ba su jima ba suka ja namu cikin wasan langa. Duk abin da muka kashe a ranar, in ban da man mota, bai kai kuɗin kai su wurin wasan yara na cikin birni sau ɗaya ba.

Sai dai akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma shi ne babban dalilin wannan wasiƙa. Na ga inda wasu baƙi suka rubuta sunayensu da gawayi a jikin dutse, na ga ledojin ruwa da iska ta tara a cikin tsagogi. Zanen da ya jure rana da ruwan sama tsawon zamanai, hannu ɗaya na wanda bai san darajarsa ba ya isa ya lalata shi, kuma idan ya goge babu mai iya maido da shi. Haka kuma iyali mai mata da ƙananan yara yana buƙatar makewayi da ruwan alwala kusa, abin da muka sha wahalar samu a ɓangaren da muka zauna.

Saboda haka ina kira ga masarauta da shugabannin ƙaramar hukuma da ma'aikatan adana kayan tarihi su haɗa kai su ware rana guda a kowane hutun Disamba domin iyalai. A horar da matasan garin su zama 'yan jagora da ake biya lada, a kafa alluna da Hausa, da boko da ajami, masu bayanin kowane zane da gargaɗin kada a taɓa shi, a tanadi kwandunan shara, a kuma ba mata masu sana'ar abinci wurin zama. Makarantun Kano da Dutse da Bauchi ba su da nisa da wannan gari, kuma shugabanninsu za su iya tsara zuwa da ɗalibai kafin sanyi ya janye a watan Fabrairu. Iyayen da ke tsoron mura kuma su bari sai hantsi ya yi, su rufe wa yara ƙirji da kunne, wanda ke da asma a sa masa takunkumi saboda ƙura, a tafi da maganinsa a jaka.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano