Hannu ba ya iya riƙe yaro idan mota ta tsaya cak

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

Ina zaune a bayan mota, wata baiwar Allah tana gaba da ɗanta a cinya, yaron bai fi shekara ɗaya ba yana ta wasa da zoben hannunta, ita kanta ba ta sa bel ba balle shi. Na ce hajiya ki dawo baya da yaron nan mana, ta ce ai na riƙe shi gam. Ba mu yi nisa ba motar gabanmu ta tsaya babu ko sigina, direbanmu ya take birki, wallahi kafin ta ankara yaron ya suɓuce goshinsa ya bugi dashbod. Allah ya taƙaita kumburi ne kawai, kuma fa gudun da muke yi bai taka kara ya karya ba.

Ni ban ga sakacin hannunta ba, don ko ƙato ne abin da zai faru kenan. Tun 1687 masanin kimiyya Isaac Newton ya rubuta cewa duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa a miƙe da gudunsa sai in wani ƙarfi ya tare shi. To birki tayoyi yake kamawa, bai san da fasinja ba. Za ka ji mutum ya ce birki ya jefa ni gaba, alhali babu abin da ya jefa ka, motar ce ta tsaya ta bar ka kana ta tafiya, sai ka samu abin da zai tsayar da kai, in ba bel ba to gilashi ko sitiyari.

Akwai abin da malaman fiziks ke kira momentom, wato nauyin abu sau gudunsa, kuma kafin a tsayar da abu sai an cinye wannan ɗin kaf, sauran magana a kan lokacin da aka ɗauka ne. Mu ɗan yi lissafi. Gudun kilomita 50 a awa kusan mita 14 ne a sakan ɗaya. A ce yaro kilo 10 ne, aka yi karo motar ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, ƙarfin da za a riƙe shi da shi daidai yake da ɗaukar kilo 140, kuma farat ɗaya zai zo ba tare da ka shirya ba. Wace uwa ce za ta iya? Ga shi ita ma nata jikin yana tahowa a bayansa, in babu bel ita ce za ta danne shi.

Shi ya sa in mutum ya diro daga katanga yake lanƙwasa gwiwa, lokacin tsayuwa yake ja don bugun ya yi sauƙi. Aikin bel kenan da jakar iska, wato wadda ke kumbura a gaban mutum in an yi karo, har ma da gaban motar da ke lotsewa. Ina jin mutane suna ƙorafi wai motocin yanzu gwangwani ne, ɗan karo kaɗan sun murƙushe, to da gangan aka yi su haka, ƙarfen ya sha bugun a hankali maimakon ƙirjinka. Bel ɗin nan mai ratsa kafaɗa da ƙugu wani injiniyan Volvo ne Nils Bohlin ya ƙirƙiro shi a 1959, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta, amma har yau wasu ba sa jawo shi sai sun hango jami'i a hanya. Ita kuma jakar iska da ƙarfi take fitowa, don babba aka auna ta, ƙaramin yaro a gaba illa za ta yi masa.

Maganar gudu ma direbobi su ji. In ka ninka gudu sau biyu nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ƙaruwa, ba biyu ba. Karo a kan gudun kilomita 50 a awa kamar faɗowa ne daga tsayin mita 10, a kan 100 kuwa kusan mita 40. Kuma a 100 ɗin, sakan ɗayan da za ka yi kafin ƙafarka ta kai kan birki ka riga ka ci mita 28.

Roƙona Malam Edita, ku ware ɗan shafi malaman kimiyya su riƙa yi mana irin wannan bayani da Hausa, don matar nan na tabbata da wani ya taɓa nuna mata lissafin kilo 140 ɗin nan da ba ta zauna a gaba da ɗanta ba.

Na gode.
Naku mai karatu a kullum.