Zuwa ga Uwata, kan maganar sobolo (zoɓo) da injin da kike son saye

Assalamu alaikum Uwata,

Ya Accra, ya maigidan naki da yara? Mu nan Aboabo lafiya lau sai godiyar Allah, gwiwar nan ce dai take taɓa ni in an yi sanyin asuba. Na saurari saƙon muryarki har sau uku, minti goma sha ɗaya kina zuba kamar rediyo, shi ya sa na ce ba zan amsa da murya ba, gara in zauna in rubuta, don in magana ce za ki katse ni kamar yadda kika saba tun kina 'yar mitsitsiya.

Kwalaben sun iso, ƙaninki ya karɓo su a tashar Asafo da la'asar. Guda shida kika ce, toh biyar muka sha. Ta shidan ta kumbura a hanya, da Mmanki ta murɗe murfin sai ji muka yi fuuu, sobolo har kan mayafinta da bangon tsakar gida, yaran maƙwabta suna ta dariya. Sauran biyar ɗin akwai daɗi wallahi, ba don ke 'yata ba ce, hannun kakarki kika ɗauko. Amma na jera kofi biyu a gaban Mmanki ban gaya mata komai ba, ta kurɓi na farko ta ce wannan citta ta yi masa yawa, ta kurɓi na biyu ta ce wannan kuma abarba ce ta danne komai. Suna ɗaya a jiki, ɗanɗano biyu a ciki. Takardar da kika manna kuwa, da muka sa kwalaben cikin ruwan ƙanƙara kafin magariba ta jiƙe ta saɓule, sunan naki da kika biya kuɗi aka zana yana yawo a bokiti.

Ban faɗi wannan don in kashe miki gwiwa ba. Na faɗa ne saboda kin ce za ki ci bashi ki sayo injin cika kwalba, ki ƙara burkina (gero da nono) da lamurji da fura da garin koko da yaji, kaya shida a lokaci ɗaya, ki shiga manyan kantuna kafin azumi. Uwata, taura biyu ma ba ta taunuwa balle shida.

Kin san shekara talatin da wani abu na yi ina sarin kayan gwangwani da na leda a kasuwar Kejetia, tun ana lissafi da tsohuwar sidi mai tarin sifili kafin a yanke su a 2007. Kaya iri nawa ne suka shigo shagona da kwali mai ƙyalli da talla a rediyo, bayan wata shida ba ka ƙara jin labarinsu? Ba su ƙirguwa. Waɗanda suka zauna kuwa abu biyu na gani a tare da su, yadda ka ɗanɗana bara haka za ka ɗanɗana bana, kuma duk lungun da ka shiga za ka same su. Dubi FanMilk masu yogot da ayis kirim. Tun 1960 suke ƙasar nan, wani mutumin Denmark ya kafa, har babban kamfanin Faransa Danone ya zo ya sayi hannun jari a 2013. Kina tsammanin daɗin FanYogo ne kawai ya kai su nan? Yaran nan ne masu keke da akwatin sanyi da 'yar hon ɗinsu, suna bin ƙofar makaranta da tasha da bakin asibiti, rana ta take ka sai ka ji hon a bayanka. Hanyar da kaya ke bi su kai hannun mai sha ita ce kasuwancin, inji bawanta ne kawai.

Haka na ga Cowbell ta yi a ƙarshen shekarun 1990. Da can madarar gari sai mai hali, gwangwani guda sai an yi shawara a gida. Suka zo suka ƙulla ta a 'yar leda ta shayi kofi ɗaya, mai tura baro ma ya iya saye da canjin aljihunsa. Tumatirin leda, Milo na leda, fiya wata, duk hanyar nan ce. Mutanenmu ba sa sayen na wata, na yau suke saye, kuma tun da kaya suka yi tashin gwauron zabo a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, abin ya ƙara tsananta. Don haka babbar kwalbar nan taki ta 'yan ofis ce, su kuma nawa ne? Ki yi ƙarama wadda ɗan makaranta da direban motar haya ta trotro za su miƙo kuɗi ba tare da sun tsaya tunani ba. Ribar kowace ɗaya kaɗan ce amma ta fi juyawa.

Na yarda da ke a abu ɗaya, lokacin naku ne. Abincin da a da ake raina mu da shi, ana cewa na 'yan zango, yau shi ne a cikin kofi mai murfi ana sayar wa masu ɗaure wuya da taye a cikin go-sulo, ai kin ga yadda Koko King suka yi da kokon da kakanninki suke damawa tun asuba a bakin titi. Mutane sun fara tsoron suga, kowane gida akwai mai ciwon suga ko hawan jini, ga shi a 2023 gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 kan kayan sha masu zaƙi, wanda ya kamata ki je GRA, hukumar haraji, da ƙafarki ki ji inda ƙaramar sana'a irin taki ta tsaya a ciki, kar ki tsaya jin ta bakin ƙawaye. Kuma yau ba sai kina da shago a kasuwar Makola ba, ki ɗora hoto a WhatsApp ko TikTok, a turo kuɗi ta waya da MoMo, ɗan babur ya kai. Mu a zamaninmu sai ka bi mutum har Bawku kana neman kuɗinka. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya sauƙaƙa miki ya sauƙaƙa wa kowa, leƙa unguwarku Madina kaɗai ki ƙirga masu sobolon kwalba, kowacce da sunanta mai daɗi.

Toh me zai raba ki da su? Sikeli. Ki daina awo da ido da gwangwanin olonka da "hannuna ya sani". Ki sayi sikeli ki auna ganyen, ki auna citta da kanumfari da suga da ruwa, ki rubuta a littafi har minti nawa tukunya ta yi a wuta, yadda ko kin tafi haihuwa ko Makka yarinyar da ke taya ki za ta dafa ya fito iri ɗaya. Cittar ma ki tsaya wajen mutum ɗaya, ta nan Gyankobaa tana da ƙarfi, in kina so zan riƙa sa a ɗoro miki. Kumburin kwalba kuwa tsami ne ya fara, ko dai kwalbar ba ta wanku ba, ko an bar shi ya huce a buɗe, ko sanyi ya yanke masa a hanya. Inji ba ya gyara wannan. In kin sa inji a kan wannan matsalar, kwalba dubu za ki ɓata maimakon ɗaya.

Sannan FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Na san za ki ce wahala da yawo, amma ofishinsu na Shiashie ba nisa da ke, kuma tun 2020 suka fito da tsari na mataki-mataki don ƙananan masu sana'a, ba sai kina da katafariyar masana'anta ba, za su duba wurin su nuna miki abin gyara ki riƙa hawa a hankali. Ba babban kantin da zai karɓi kayanki ba lambarsu a jiki da ranar yi da ranar lalacewa da jerin abin da ke ciki. Ki yi wa sunan rajista ma tun yanzu, kafin wata ta ga yana tafiya ta riga ki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar manyan kantuna kuwa, zauna in ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba, lokacin kina makaranta. A 2015 na karɓi dillancin yogot na wani ƙaramin kamfani, na ci bashi na sayi firiza biyu, ina ganin na kama dahir. Wani babban kanti ya karɓi kaya, na dawo gida ina taƙama har na yanka kaji. Ashe karɓa daban biya daban. Wata ɗaya, wata biyu, sai "manaja ya fita", "a dawo Juma'a", wanda bai sayu ba kuma su dawo min da shi ya kusa lalacewa. Ga dumso, ɗauke wutar lantarkin nan, a lokacin, wuta ta tafi kwana guda cur ta dawo rabin yini. Wata safiya na buɗe firiza, warin da ya buge ni har yau in na tuna sai cikina ya juya, ledoji sun kumbura sun yi tim kamar kwaɗi, ni da yaron shago muka loda su a aboboya, babur mai ƙafa uku, muka kai bola, mutanen layi suna kallo ba mai cewa komai. Mai bashi kuwa bai san dumso ba. Filin nan na hanyar Kenyase da kike jin Mmanki tana ambata in ranta ya ɓaci, can ya tafi.

Shi ya sa in kika ce bashi sai gabana ya faɗi. Bar ma maganar haramcin kuɗin ruwa, wannan kin sani ba sai na karanta miki ba. Yi lissafi kawai, a 2023 Babban Bankin Ghana kansa ya kai ruwansa kashi 30, ina ga ƙananan masu ba da rance. A ce kwalbarki sidi 10, cire ganye da suga da kwalba da murfi da takarda da gas da wuta da ƙanƙara da ɗan babur da wadda ta fashe da wadda kika ba maƙwabta kyauta, cire ladan kanki ma don ke ba baiwa ba ce, abin da ya rage shi ne zai biya ruwan bashin, kuma kanti ya riƙe miki kuɗi wata uku. Mai kiyos ɗin bakin makaranta da ke biyanki da yamma ta fi miki babban kanti sau goma a yanzu. Ki samu irinta ashirin, masu firij, a layi ɗaya daga Madina zuwa Adenta yadda babur ɗaya zai zagaye su da safe, ki san wacce ke sayar da dozin biyu wacce ke sayar da rabi. Ranar da suka fara kiranki suna faɗa don kaya sun ƙare kin kasa kawowa, ranar ce inji ya zama dole, kuma adashinki da abin da kika tara za su biya rabin kuɗinsa.

Akwai wata mata da ya kamata ki sani tunda a unguwarku masana'antarta take, marigayiya Esther Ocloo mai kamfanin Nkulenu. Da sule goma da gwaggonta ta ba ta ta fara a farkon shekarun 1940, ta sayi lemu da suga da kwalabe goma sha biyu ta dafa jam ta fita talla, abokan karatunta na Achimota suna mata dariya wai mai ilimi da talla. Daga baya makarantar ce ta ba ta kwangilar ruwan lemu. Yau miyar kwakwarta ta gwangwani har Amurka da Ingila ake saye. Kwalba goma sha biyu fa.

Cikin kaya shidan nan in ni ne, biyu zan riƙe. Sobolo don kuɗin yau da gobe. Burkina ki ajiye ta tukuna, nono ba ya yafiya, awa kaɗan ba sanyi ya juya miki baya. Na biyun garin koko ne, kuma shi nake ga zai kai ki nesa, don busasshen abu ba ruwansa da wuta ko firij, yana wata da watanni in ya bushe sosai an like shi da kyau, ana jefa shi a akwati. Duk ɗan zangon da zai koma Bronx ko Hamburg ko Landan me yake cusawa a jaka in ba garin koko da yaji da shito ba? Yayanki ma kullum roƙonsa kenan. Ga hedikwatar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a nan Accra ɗinku, an buɗe ciniki a ƙarƙashinta tun farkon 2021, ko da yake ni dai har yanzu direbobin da nake hira da su kukan shingayen hanya suke yi, don haka kar ki sa Lome da Wagadugu a lissafin bana. Geron kuwa ki saya da kaka lokacin yana araha, ki duba shi da kyau, wanda ya sha danshi ya yi fumfuna guba ne, kuma gwajin farko za a kama shi. Wanda nake saye wurinsa a Techiman yana nan da rai, ɗansa ne ke riƙe da shagon yanzu.

Yajin Mmanki kuma ta ce in gaya miki ba za ta ba da sirrinsa a waya ba, sai kin zo kin zauna kin daka da hannunki.

Ki nuna wa maigidanki wannan saƙon, kar ya ji a bakin wani, kuma kuɗin sana'a ki raba shi da na cefane ko da layin MoMo daban ne. In Allah ya kai mu ƙarshen wata ki sake aiko min da shida, dahuwa uku daban-daban, ki rubuta kwanan wata a gindin kowace, zan sake jera wa Mmanki kofuna ba tare da ta sani ba. Ki tambayi mai buga takardar nawa ne irin wadda ruwa ba ya ci, ki gaya min, wannan ni zan biya. A shafa min kan yara, a ce wa ƙaramin alawarsa tana nan.

Babanki,
Aboabo, Kumasi