Keken aro a Faris da 'yan matan da ke wucewa ta gaban rumfata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran keke ne a Zariya, na fi shekara ashirin ina faci da ɗaurin sifoka a bakin hanya, kuma shafinku na wasanni nake fara buɗewa idan jarida ta shigo hannuna. Ƙorafi na kawo, wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ban taɓa jin sunan 'yar tseren keken Najeriya Ese Ukpeseraye a bakin jama'a ba sai a watan Agustan 2024, ranar da ta bayyana cewa tawagar Jamus ce ta ara mata keken da ta hau a gasar Olamfik ta Faris. Nan fa aka yi caa. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, masu zagi suka yi, masu dariya suka yi, bayan mako guda aka koma kan ƙwallo. Alhali wannan 'yar jihar Delta ita ce mutum na farko da ya wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik, mace ko namiji, kuma a 2023 ita ta lashe tseren kan hanya na mata a gasar zakarun Afirka da aka yi a Akra. Ran da ta ci zinare, mu nawa muka ji?

Bari in faɗi abin da na sani a sana'ata, don da yawa sun ɗauka keke keke ne. Wanda ta tafi da shi na kan hanya ne, mai burki da giya da yawa, na tseren kilomita 158. Wanda aka ara mata kuwa na zagayen cikin fili ne: ba burki, giya ɗaya tak, kuma muddin taya na juyawa feda na juyawa, ba ka isa ka huta da ƙafa ba. Ministan wasanni na lokacin, John Enoh, ya ce gurbin wannan tsere a makare ya zo musu. Na ji, ban musa ba. Amma ƙasar da ta gina filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003 bai kamata a ce an same ta hannu rabbana ba.

To, ba ma Faris ce ta fi damuna ba. Kullum wajen ƙarfe bakwai da rabi 'yan mata na wucewa ta gaban rumfata a kan keke za su makaranta, jaka a kariya, an naɗe gefen hijabi an danne da cinya kada sarƙa ta kama. Akwai wata da na sani tun tana ƙaramar sakandare. Tsohon keken gwanjo gare ta, sirdinsa ya sha ɗauri da roba, amma idan ta taso daga gangare samari biyu-uku sai dai su bi ta da kallo. Sau biyu na canja mata robar burki a zango ɗaya. Rannan sai ga mahaifinta ya turo keken da kansa, ya ce, "Malam, sauke mini sirdin nan, ƙanenta zai riƙa hawa, ita ta girma." Na sauke. Me zan ce? Ban ga laifinsa sosai ba, domin bai taɓa ganin inda keke ya kai 'ya mace ba in ban da makaranta da aike.

Wannan kuwa aikinku ne, 'yan jarida. A 2025 Kim Le Court, 'yar tsibirin Morishus, ta sanya rigar ɗorawa ta jagora a babban tseren mata na Faransa, abin da wata 'yar Afirka ba ta taɓa yi ba. A watan Satumban 2025 ɗin aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a nahiyarmu, kuma a can aka fara ware wa mata 'yan ƙasa da shekara 23 nasu tseren daban. Mu a waya muka tsinci labarin, da Turanci, sai da wani ɗalibi ya fassara mana.

Na san abin da iyaye za su fara ɗagawa: kaya. Ni ma uba ne, ba zan so 'yata cikin matsattsun kayan da muke gani ba. Sai dai Masomah Ali Zada, 'yar Afganistan da ta yi tsere a Tokiyo cikin tawagar 'yan gudun hijira, kanta a rufe ta hau keke, hular kwano a kan ɗankwali. Telolinmu da ke ɗinka kayan makaranta ba za su gaza fitar da riga da wandon da za su rufe jiki ba tare da sun shiga sarƙa ba.

Roƙona biyu ne. Ku aika wakili ya tambayi hukumomin wasanni na jihohinmu 'yan mata nawa suka tura tseren keke a bikin wasanni na ƙasa da ya wuce, ku buga amsar yadda ta zo. Sannan duk makarantar 'yan matan da ta yi ƙarfin hali ta shirya tsere a harabarta, ko da zagaye biyar ne ranar wasannin gida-gida, ku je ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan wadda ta zo ta ɗaya. Idan a Zariya ne a sanar da ni, zan zo da famfo da akwatin kayan aikina, faci da iska na ranar a kaina.

Na gode.

Mai gyaran keke,
Zariya