Rahoton Ayyukan Shekara: Daga Bakin Tekun Jidda Zuwa Dutsen Sauda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa mahaya keke, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Ga bayanin yadda muka ci ta, kamar yadda kwamiti ya ɗora mini.

Fitar safiyar Juma'a a bakin teku ta ci gaba yadda aka saba, ban da watan azumi da muka mayar da ita bayan tarawihi. Ba ta da wani labari sai na faci. Mun samu sabbin shiga, yawancinsu samari haifaffun nan waɗanda Larabcinsu ya fi Hausarsu gudu. Suna zuwa a kan lokaci, abin da har yau ya gagari wasunmu manya.

Sau biyu muka ɗora kekuna a mota zuwa Ɗa'if, muka hau hanyar dutsen Shafa don shirin tafiyar Asir, yankin duwatsu da ke kudu maso yammacin Saudiyya. Waɗanda suka je sun san amfaninsa daga baya. Waɗanda suka ce ai keke keke ne, su ma sun sani.

Babban aikin shekara shi ne tafiyar gandun Asir da muka yi a hutun bazara. Gandun nan tun 1981 yake, shi ne gandun ƙasa na farko da Saudiyya ta keɓe, kuma a cikinsa Dutsen Sauda yake, mai tsayin kusan mita 3,000. Mun sauka a Abha, wadda ita kanta ta haura mita 2,200, muka kwana ɗaya kacal, washegari muka ɗauki hanya. Kuskurenmu na farko ke nan, kuma da ni aka yanke shawarar. Tsakanin Abha da Sauda bai kai kilomita 30 ba, tafiyar da a Jidda muke yi muna hira. Amma a can sama kowane numfashi kusan kashi 70 cikin ɗari yake kawo wa mutum na abin da ya saba shaƙa a bakin teku. Ƙafa tana da ƙarfi, ƙirji ya ƙi. Sai ga gwanayenmu na Juma'a sun sauka suna tura keke, suna cewa wai hoto suke son ɗauka. Wanda ya riga kowa isa dattijonmu ne, wanda ya sa ƙaramar giya tun daga ƙasa, yana tafe kamar mai zuwa ɗaurin aure. Baba, mun sara maka.

Wurin kam ya cancanci wahalar. Itatuwan ar'ar sun rufe gangaren, hazo yana tasowa daga ɓangaren Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bakin teku, ya lulluɓe titi har ba ka ganin na gabanka. Mu da muka baro zafin Jidda sai ga mu muna rabon rigunan sanyi, don duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Mun yi ƙasaru a gefen hanya, kafin mu sallame gwaggon biri ya yi gaba da ledar dabinonmu. Laifin masu ba su abinci ne daga tagar mota, sun sa ba sa tsoron mutum.

Abin da ya kamata kowa ya ji da kyau shi ne dawowa. Duk shirinmu na hawa ne, ba wanda ya zauna ya koya wa yaran nan gangara. Ɗaya daga cikinsu ya danne birki tun daga sama bai saki ba, robar birki tana ta gugar wili har ya ɗauki zafi, taya ta fashe a kan kwana. Allah ya kiyaye, gefen dutse ya faɗi ba gefen rami ba. Ya kuje a kafaɗa da gwiwa, hular kwanonsa ta tsage, kansa lafiya. Birki a doguwar gangara matsawa ake a saki, a rage gudu kafin a shiga kwana, a tsaya lokaci-lokaci wili ya huce. Mun san haka, ba mu faɗa ba. Kwamiti ya je har gida ya ba iyayensa haƙuri.

Wannan ne ya sa muka fasa gangara Aƙabar Samma, hanyar da ke saukowa daga dutsen zuwa ƙauyen Rijal Alma, a kan keke, muka bi ta a mota. Wasu sun ji haushi a ranar. Da suka leƙa ta taga suka ga kwanonin, ba wanda ya ƙara magana. Mun ga gidajen dutse masu hawa-hawa, muka ci hanis, gasasshen naman yankin, muka juyo.

Batun kuɗi, ma'aji zai karanto shi dalla-dalla a taro. A taƙaice tafiyar Asir ta cinye mafi yawan asusu, shi ya sa rigunan ƙungiya da muka yi alkawari ba su samu ba, haka ma ajin koya wa yara gyaran keke. Masu cewa bai dace tafiya ɗaya ta haɗiye kuɗin kowa ba, alhali ba kowa ya je ba, suna da gaskiya a ganina.

Don haka kwamiti yana kawo shawara gaban taro: mai zuwa dutse ya biya kuɗin motarsa da masaukinsa, asusu ya ɗauki motar rakiya da akwatin magani kawai. Ba mai hawa Asir sai ya yi Shafa tukuna. A kwana biyu a Abha kafin a taɓa feda. A duba birkin kowa a gaban kowa, kuma ba hular kwano, ba fita, ko da bakin teku ne.

Taron shekara yana nan Asabar ta farko a wata mai kamawa, bayan sallar isha, a inda muka saba. Masu bashin kuɗin wata su taho da shi. Wanda kuma ya ari famfon ƙungiya tun dawowarmu daga Abha, don Allah ya haɗo da shi.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya